Tabar Lokotoro

Bazara ce, irin wadda ake kwana a tsakar gida a tashi tabarma da ɗumi kamar an sauke tukunya a kanta. Shekarar ba ta yunwa ba ce, kar in ɗora mata abin da ba ta yi ba. Gero yana cikin rumbu, ɗan abin da muka noma ta hanyar Gidigir ya kai mu, awaki ma suna nan da ƙibarsu. Amma gidan nan ya yi shiru a shekarar, shirun da har yau in na tuna sai in ji nauyinsa a ƙirjina. Ita ce shekarar da aka karɓi makullin motar likita daga hannun babanku, don yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara gani dishi-dishi. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana ɗauko masu naƙuda daga Bune da Alakos cikin rairayi, sai ga shi zaune bakin zaure yana sauraron ƙarar motocin wasu.

Abin da ya sa na tsaya kan wannan shekara shi ne maganar da ke yawo tsakaninku, wai babanku ya karya alkawarin da ya yi mini, ya koma wa taba da tsufansa. Tun a lokacin na ce muku ba haka aka yi ba, kuka ce Inna dai rufa wa mijinta asiri take. To tunda Allah ya sa karatun yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe alƙalami, bari in ajiye shi a takarda, ku karanta a tsanake ko bayan ba ni.

Da aka kawo ni gidan nan babanku mashayin sigari ne na gaske. Yatsunsa biyu sun rine, rigunansa kuwa ko na turara su da safe, kafin azahar warin ya cinye ƙamshin. Ni kuma kun san sana'ata turaren wuta ce, hancina shi ne jarina, don haka na sha wuya ban faɗa ba. Shekarar da na haifi Zainabu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, tari har yana riƙe bango. Da ya samu kansa, ina ba shi kunu, sai ya ɗago ya dube ni.

"Mai turare," haka yake kirana, "na bar ta. Ba ni ƙara kunna taba a duniya, sai fa in ke kika ba ni wuta da hannunki."

Ya faɗi ƙarshen yana dariya, don ya san ba ranar da zan yi haka. Ni ma na yi dariya. Kuma ya riƙe maganarsa, har Zainabu ta yi aure ta haihu ban ƙara jin warin sigari a bakinsa ba.

Ana nan aka kawo wani lokotoro, wato likita, daga ƙasar Kuba, baƙi ne dogo kamar mutanenmu, da ƴar Hausarsa a karkace. Babanku ne ke tuƙa shi daji. Tare suka ci tuwon ƙauye da hannu, tare suka tone taya cikin rairayi. Wata rana babanku ya dawo na karɓi rigarsa zan wanke, sai na tsaya da ita a hannu. Hayaƙi ne a jikinta, amma ba wannan siririn wari mai tsami da na sani ba. Wannan mai kauri ne, mai ɗumi, har na sake kai ta hanci.

"Malam, wannan fa?"

"Hancin nan naki zai sa a ɗaure mutum," in ji shi. "Ba ni ba ne, lokotoro ne. In mun kai mara lafiya da rai, sai ya hau tudu ya kunna wata taba tasu mai kauri. Ni dai ina zama ta inda iska ke bi."

"Ta inda iska ke bi."

"Alkawarin kunnawa na yi, Mai turare, ban yi na toshe hanci ba."

Da lokotoro zai koma ƙasarsu, bai ba babanku agogo ko riga ba. Guda ɗaya daga cikin tabar nan ya ba shi, ya ce ya ajiye ta sai ranar da ta cancanta. Babanku bai kwana da ita a aljihu ba. Ya shigo ya same ni ina dakan kajijin turare, ya kwance ƙyallen da aka naɗe ta, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ga ta. In kin ga dama ki jefa a murhu, ba zan ce komai ba."

Niyyar murhun na yi, Allah ya sani. Amma da na dube ta sai hannuna ya ƙi. Tsawonta ya kusa taƙi, kaurinta ya kai babban yatsan namiji, launinta kamar bayan tsohuwar ƙwarya da ta sha hannu da mai. Ba takarda a jikinta ko kaɗan sai ɗan zobe ja da ruwan zinariya kusa da kai. Ganye ne tsantsa aka naɗa bisa ganye, sumul, jijiyoyinsa sirara a kwance duk gefe guda, ba ka ganin inda aka fara ko inda aka ƙare. Na matsa ta a hankali, ta ɗan ba da kai ta dawo. Da na sansana, tun ba a kai mata wuta ba, sai na ji rumfar dukawa inda ake jemar fata, na ji busasshen dabino, na ji cikin rumbu in an buɗe shi da safe. Ni mai aikin hannu ce. Na san duk wanda ya naɗa wannan abu bai yi shi da gaggawa ba, kuma ya girmama aikinsa. Ban iya ƙona aikin mutum irin wannan a ƙarƙashin tukunyar miya ba.

Sai na yi abin da kowace mace a Gure za ta yi da abu mai daraja, na sa ta cikin adakata, tsakanin zannuwan da na turara da hawi da sandal. Ya Falmata, maƙwabciyarmu Babarbariya wadda ta koya mini haɗa turare, ita ta ƙara mini ƙarfi. Cewa ta yi in ma ɗora ta kan kasko in turara ta da kyau, ko ta yi ƙamshin mutane. Allah ya taimake ni na faɗa wa babanku kafin in yi. Na ga ya dafe kai.

"Lokotoro ya ce abu biyu ke kashe ta. Tana shanye duk ƙamshin da ke kusa da ita, kuma ba ta son bushewa."

Na je na ciro ta da sauri. Kwana kaɗan ta yi a ciki, amma har ganyen bakinta ya fara tsagewa, don iskar garin nan ko fatar mutum ba ta bari. Na shanya ta a inuwa ƙamshin zanen ya fita, na zauna ina tunanin me muke da shi a gida wanda ba ya son bushewa kuma ba ya son jiƙa. Sai goro ya faɗo mini. Na samo gwangwani na wanke shi da toka har ba ya warin komai, na naɗe tabar cikin sabon farin ƙyalle, na sa wani ɗan tsumma mai laima a gefe yadda ba zai taɓa ta ba, na binne gindin gwangwanin cikin yashin da ke ƙarƙashin randa. Duk ranar Juma'a in na duba goron babanku sai in duba ta. In tsumman ya bushe in yayyafa masa ruwa, in laimar ta yi yawa in bar murfin a buɗe. A hankali ta dawo da taushinta.

"Mata na ajiye zinariya, ke kina renon taba," in ji Ya Falmata. "Kin yaye naki duka kin ɗauko ɗan riƙo. Yaushe za a yi masa kaciya?"

Haka ta zauna ƙarƙashin randa, damina ta wuce, rani ya wuce. Babanku bai taɓa tambayata ita ba, ko sau ɗaya.

Sai wannan bazara ta zo. Tun da aka karɓi makullin ya daina kunna rediyo. In na kai masa tuwo sai ya ɗan taɓa gefe ya rufe. An ce masa ya je Damagaram a cire masa yanar, ya ce wa zai ba tsoho mota ko da ido huɗu. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, sai dai rigunansa suna ƙara yi masa yawa. Wata safiya ina dawowa daga kai turare gidan biki, na hango shi tsaye gaban mai teburin bakin hanya, wanda ke sayar da sukari da ashana da kafe, wato gahawa. Bai gan ni ba. Ya daɗe yana duban kwalayen sigari da idon nan nasa guda, har ya sa hannu a aljihu. Sannan ya ciro hannun ba komai, ya juya gida yana jan ƙafa.

Ranar ban iya dakan komai ba. Na san mijina. In ya kunna da hannunsa ya karya magana, kuma kunyar karyawar ce za ta sa ba zai tsaya a kara ɗaya ba, zai riƙa sha a ɓoye har ƙirjin ya tashi. In kuma ni na ba shi wuta, maganarsa tana nan a tsaye, amma wa ya san ƙofar da zan buɗe? Na kai wa Ya Falmata shawara. Wannan karon ba ta yi wasa ba.

"Mutumin da ya sha wuya kafin ya bari, ke za ki tuna masa daɗinta? In ya koma, tarin nan a kunnenki zai kwana, ba a nawa ba."

"Na sani, Ya."

"To me kika zo tambaya, tunda kin riga kin yanke?"

Bayan la'asar, hadari ya ɗan taru gabas irin wanda ke yi wa mutane alkawari ya watse, na share ƙarƙashin dogon yaro na shimfiɗa tabarma. Na dafa shayi mai sukari sosai. Na ɗauko tabar na ɗora a sabon faifai, na kira shi daga zaure. Ya zauna ya ga abin da ke kan faifan. Ya ɗauka ya murza ta a hankali kusa da kunnensa.

"Ba ta bushe ba."

"Da goronka ta yi zama."

"Mai turare, kin san abin da kike yi?"

"Ban sani ba, Malam. Amma wutar daga hannuna za ta fito."

Ya sa reza ya yanke ɗan kanta kaɗan, kamar mai yanke wa jariri farce. Na miƙa hannu zan ɗauko garwashi daga kaskon turare, ya ce a'a, wuta mai tsabta take so. Sai na kunna tsinken kaba a murhu na kawo. Bai sa ta a baki nan da nan ba. Ya riƙe bakinta bisa harshen wutar yana juyawa har gefen ya yi baƙi ya zagaye, sannan ya ja a hankali.

Ni ban taɓa shan taba ba, kuma ba ina kwaɗaita muku ita ba ne, na ga abin da ta yi wa ƙirjin babanku. Amma duk rayuwata hayaƙi nake karantawa, kuma ban taɓa gamuwa da irin wannan ba. Bai tashi sirit ya gudu kamar na sigari ba. Ya fito fari mai kauri, ya tsaya tsakaninmu kamar yana da nauyi, sannan ya hau cikin ganyen dogon yaro a hankali. Farkonsa yaji ne. Ya bugi bayan hancina kamar an daka masoro a ɗaki rufe, babanku ma idonsa ya kawo ruwa.

"Tana da ƙarfi," ya ce. "Ba a haɗiye ta. A baki ake juya ta kamar kurkurar alwala, a sake ta. Kuma ba a bin ta da ja, sai ta huta."

Yakan ja sau ɗaya ya sauke hannu bisa gwiwa, mu zauna. Da ta ci kamar faɗin yatsa biyu sai yajin ya kwanta, wani abu ya taso daga ƙarƙashinsa. Ya ce yana jin wani ɗanɗano a tsakiyar harshe amma ya rasa sunansa. Na matso na sa hanci cikin hayaƙin.

"Kafe ne da aka soya ya kusa ƙonewa."

"Shi ne. Da kuma?"

"Ƙanzon tuwo, na gindin tukunya. Da dabino in ya faɗa wuta."

"Akwai wani can ƙasa, mai sanyi."

Na rufe ido. "Ƙasa ce, Malam. Ranar ruwan fari."

Ya yi dariya, dariyar da rabona da ita tun kafin makullin. Haka muka yi ta yi, shi da harshe ni da hanci, kamar masu raba gado. A turarena ni ke jera ƙamshi, in sa wannan ya fara fita wancan ya biyo baya, kuma sai na haɗa itace da farce da sukari da madarar turare kafin in samu haka. Wannan kuwa ganye ne kawai, ba a ƙara masa komai ba, amma yana sauya magana kamar mai ba da labari. Tokar ma abin kallo ce. Ba ta zuba ba, ta tsaya fara-fara da layi-layi, ta yi tsawon gaɓar yatsa tana riƙe da kanta. Na kawo murfin kwano zan tara, ya ce in bar ta, ita ta san lokacinta.

A tsakiyar nan ne bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin wata Bafillatana da suka ɗauko bayan Alakos, mota ta kafe, lokotoro ya karɓi haihuwa a bayan mota shi kuma yana tone taya da murfin tukunya, da yadda mijin ya bi su da ɗan akuya har Gure. Ya faɗi tudun da suka zauna ranar, ya faɗi rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya. Shekaru yana wannan aiki, ban taɓa jin rabin wannan ba. Ya dubi wutar.

"Ashe na yi aiki, Mai turare."

"Ka yi, Malam."

Ƙarshenta ya fi ko'ina nauyi. Zaƙin ya janye, hayaƙin ya yi duhu a hanci, fatar dukawan nan ta dawo da wani ɗaci irin na goro, wanda in ka bi shi da ruwa yake komawa zaƙi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya ce kansa ya ɗan yi sama kamar ya sauko daga doguwar tafiya. Na miƙa masa shayin ya kurɓa.

A daidai nan babban yayanku ya yi sallama. Kai nake nufi, ɗan farina da ba na kama sunanka. Ka zo hutu daga lakwal, makarantar da kake koyarwa, ka shigo ka ga mahaifinka cikin hayaƙi. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ban ce ka yi rashin ladabi ba. Amma ka bi ni madafa.

"Inna, a gabanki?"

"Ni na ba shi wuta."

"Kullum haka kike. Ya yi abu ki ɗauka ki ɗora a kanki."

Ka fita ba ka ci tuwon gidan ba. Ka faɗa wa ƙannenka abin da idonka ya gani, kuma ba ƙarya ka yi ba, ƙarshen abin ka tarar. Daga ranar ka daina zaman hira da shi a zaure, gaisuwa kawai, har damina biyu. Ya ji zafin wannan fiye da yadda ka sani, kuma ya hana ni matsa maka. Wannan shi ne abin da tabar ta ci mana, ban ɓoye ba.

Da na koma ƙarƙashin dogon yaro, saura kamar gaɓa biyu. Bai murƙushe ta a ƙasa ba yadda yake yi wa sigari da. Ya kwantar da ita a murfin kwanon, ya ce ba a kashe ta, barinta ake ta mutu da kanta. Muka zauna har siririn hayaƙin ƙarshe ya yanke, aka kira magariba. Ranar ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, ya kuma ce in an samu mota zai je Damagaram a duba idon. Na ji daɗi, amma hankalina bai kwanta ba. Maganar Ya Falmata tana kunnena.

Da gari ya waye na ɗumama masa tuwo. Akwai sukari a gidan, amma na ce masa ya ƙare.

"Malam, ko za ka taka wurin mai tebur ka samo mana sukari? Ka haɗo da ƴaƴan kafe, wanda ba a niƙa ba."

Ya dube ni da idon nan guda. Ya san teburin da nake nufi, ya san abin da ke jere a kansa. Ya sa hularsa ya fita. Na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share. Ya daɗe, ko kuwa ni na ga ya daɗe. Da ya dawo ya ajiye ƙulli biyu a kan faifai, sannan ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini ba tare da na tambaya ba.

"Ga ta, Mai turare. Karanta."

Na kai ta hanci, wuya da aljihu da hannun riga. Zufa ce da rana, sai ɗan sauran hayaƙin jiya can ƙasa. Ba komai bayan wannan, kuma har ya koma ga Allah ban ƙara jin komai ba.

Na miƙa masa rigarsa. Na hura wuta na soya kafen har ya kusa ƙonewa, na daka shi da hawi da busasshen dabino da ƙwayar masoro kaɗan, ina yi ina sansana guntun da ke cikin murfin kwano, tun ƙamshin bai gudu daga hancina ba. Ban sa ko ɗigon taba a ciki ba. Shi ne turaren da kuke kira na Baba, wanda na sa wa kowace ɗiyata cikin kayan aurenta, wanda matar yayanku ke aikowa a ɗibar mata duk sallah don mijinta ba ya son wani. Da na ɗora na farko a kasko, babanku yana bakin ƙofa yana ɗaura takalmi. Ya tsaya, ya ja numfashi.

"Ƙara masoro kaɗan," ya ce.

Na ƙara.